Injin da Ya Dawo Daga Gyara Yana Tari: Wa Zai Rubuta wa Mai Shi?

 

Yau za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo da tauraron labari, mu shiga gareji. Wanda ya sa fararen kaya ya tattare, akwai baƙin mai a ƙasa. Ku dai yi haƙuri ku biyo mu, kafin mu fito za ku ga inda abin ya shafe mu.

Makonni uku da suka wuce, bayan mun tashi daga zaman karatun da muke yi ranar Asabar a Samaru, sai muka lura wani ɗan uwanmu ya koma gefe yana ta danne-dannen waya, fuskarsa babu walwala. Ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, mutumin Yawuri. Muka ce masa lafiya? Ya ce maganar injin babansa ce.

Mahaifinsa yana da jirgin ruwa na katako, yana ɗaukar mutane da kaya ranakun kasuwa a tafkin Kainji. Injin jirgin tsoho ne, Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ƙarfinsa ya ragu, aka kai shi gyara, aka canja ringi, aka wanke kabureta, aka biya kuɗi. Da ya dawo, idan an ba shi wuta sai ya tafi sumul kamar sabo. Amma da zarar an sassauta totur ya koma silo, wato wannan juyawar da inji yake yi a hankali shi kaɗai ba tare da an matsa masa ba, sai ya kama tari, yana karkarwa, sautinsa yana hawa yana sauka. Ana sa masa giya sai ya mutu.

Wanda bai san ruwa ba zai ce ai ƙaramin abu ne, tunda yana gudu. To, jirgin ruwa ba shi da birki. Idan direba ya doso gaɓa, sai ya rage wuta, ya cire giya, ya sa ta baya, da haka yake tsayawa. Duk wannan a kan silo ake yin sa. Injin da yake mutuwa a silo yana mutuwa ne daidai lokacin da aka fi buƙatarsa: a tsakiyar sauran jirage, ga mata da goyo, ga buhuna, ga iska tana tura jirgin inda ta ga dama. Shi ya sa dattijon ya ɗaure jirginsa ya ce ba zai ɗauki ran kowa a haka ba. Kwana tara ke nan babu ko sisi da ya shigo gidan, kuma daga cikin jirgin nan kuɗin makarantar abokinmu yake fitowa.

Abin da yake yi da wayar shi ne neman bayani. Ya samu, har ya yi masa yawa, amma duka da Turanci. Ya zuba wani a manhajar fassara don ya tura wa babansa. Kalmar da Bature yake kiran silo da ita, ita ce dai wadda yake kiran rago da ita, sai manhajar ta sanar da shi cewa injin babansa yana fama da mugun lalaci. Muka yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya mana a wuya. Mu bakwai ne a wurin, kowa yana kiran kansa marubucin Hausa. A cikinmu akwai masu difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, an zana mana kabureta a allo, mun zana ta a jarrabawa. Amma aka rasa wanda zai iya haɗa jimla biyar da Hausa mai kyau da zai gaya wa dattijon nan inda zai fara dubawa.

Ranar Litinin mu uku muka hau bas daga Samaru, muka bi ta Palladan da Kwangila, muka sauka PZ, muka taka zuwa cikin Sabon Gari. Kowa ya sani Zariya ba garin jiragen ruwa ba ce. Amma gari ne na ƙananan injina: injin ban ruwa da manoman rani suke jan ruwan Kubanni da Galma da shi, janareta a kowane shago, injin markaɗe, babura babu adadi. Mafi yawansu kabureta ce ke shayar da su, kamar dai injin jirgin can. Muka nufi rumfar wani dattijon makaniki da manoman fadama suke kai wa injinansu, wanda ɗaya daga cikinmu ya sani tun yana yaro.

Muka gaisa, abokinmu ya ce, "Baba, mun zo da tambaya ne, amma injin ba ya nan, yana Yawuri."

Bai yi mamaki ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Kafin a kai shi gyara, yana silo?"

"Yana yi, Baba. Ƙarfi ne kawai ba shi da shi."

"To, me da me aka kwance?"

Tambayoyin nan biyu su ne rabin aikin. Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon da babu shi kafin gyara, ya bayyana bayan gyara, mafi yawan lokaci yana zaune ne a inda hannu ya taɓa. Idan aka fara da nan, an rage wuraren bincike daga hamsin zuwa biyar. Sannan ya kafa mana sharaɗi biyu. Na farko, kada wanda ya taɓa sukurun silo tukuna. Na biyu, abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a tayar da inji, a saurara, sannan a wuce na gaba. Ya ce yawancin injinan da ake kawo masa a jigace, ba ciwon farko ne ya jigata su ba, hannaye ne suka yi musu yawa: wannan ya murɗa nan, wancan ya canja fulogi, wani ya ƙara mai, har a rasa wanne ne ciwo wanne ne magani.

Daga nan ya yi mana bayanin da muka daɗe muna haddacewa da Turanci ba mu taɓa jin sa a jikinmu ba. Inji abu uku yake nema: haɗin fetur da iska daidai gwargwado, tartsatsin wuta a kan lokaci, da matsi a cikin silinda. Idan yana gudu da ƙarfi, ƙofar kabureta a buɗe take, iska tana shiga da yawa, mai yana bi ta babban jet. A wannan hali ɗan kuskure ba ya nunawa, kamar ka zuba cokalin ruwa a randa. Amma a silo ƙofar kusan a rufe take, mai kuma yana bi ta wani ƙaramin jet da raminsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba. A nan ƙwayar datti ɗaya, ko 'yar iskar da ta saci hanya ta shiga ta gefe, ta isa ta ɓata lissafin gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa inji zai iya yin gudu lafiya amma ya kasa zama shiru.

To, ta yaya mutumin da ba shi da kayan gwaji zai gane ko mai ne ya yi kaɗan ko iska ce ta yi kaɗan? Ya ce da cok. A bar inji ya yi zafi, a mayar da shi silo, a ja cok kaɗan. Aikin cok shi ne rage iska. Idan an ja shi injin ya daidaita, to da ma iska ce ta yi masa yawa ko mai ya yi masa kaɗan: a duba ƙaramin jet ko ya toshe, a duba gasket ɗin da ke tsakanin kabureta da jikin inji, a duba ko an ɗaure notinan daidai, a duba tiyon mai ko yana shan iska. Idan kuwa an ja cok ya ƙara shaƙewa ya mutu, ga baƙin hayaƙi, ga warin fetur, to mai ne ya yi yawa: a duba ɗan abin nan da ke yawo a kan mai cikin kwanon kabureta da allurar da yake rufewa, ko an mayar da su a karkace, a duba ko cok ɗin ma yana komawa ya buɗe sosai.

Shaida ta biyu fulogi ne. Ya ɗauko guda uku daga wani gwangwani ya jera mana a tafin hannunsa. Mai launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Mai baƙin toka a bushe, mai ya yi yawa. Fari fat kamar an wanke shi, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari, domin injin yana ƙuna ne a ciki. A injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ƙarancin mai yana nufin ƙarancin abin da ke sulɓa fistan, ga shi kuma sabon ringi aka sa. Idan silinda biyu ne, a jera fulogin biyu a kwatanta, wanda ya bambanta shi ne yake nuna ɗakin da ciwon yake.

Ya ci gaba da lissafo mana abubuwan da hannu kan bari a baya. Hular fulogi da ba ta zauna ba. Wayar da aka manta ba a ɗaure ba. Tazarar bakin fulogi, wadda a ƙananan injinan ban ruwa irin Honda GX160 da masu kama da shi take tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Tazarar bawul a irin waɗannan injina, 0.15 a na shigar iska, 0.20 a na fitar hayaƙi, kuma sai inji ya huce ake auna ta. Sifirin ɗin gwamna da aka maƙala a ramin da ba nasa ba, wanda ke sa janareta ya riƙa hawa yana sauka maimakon ya tsaya a juyi 3,000 a minti da wutarmu take buƙata. Sai kuma man kansa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa kwalba-kwalba suke saye a wurin 'yan bumburutu, wani da ruwa, wani da datti, wani ya kwana biyu a jarka. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi da kansu suka tabbatar an shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan. Saboda haka kafin a zagi makaniki, a tsiyayi man a kwalba mai haske a bar shi ya kwanta. Idan akwai ruwa, zai taru a ƙasa.

Da muka zo kan abin da ya keɓanta da injin jirgi, dattijon ya yi abin da ya ƙara masa girma a idonmu. Ya ce, "Yarana, nan ba gonata ba ce. Ku nemo littafin kamfanin." Abokinmu ya riga ya sauke shi a waya. Muka zauna a kan benci muna karantawa muna fassara masa, shi kuma yana gyara mana Hausar, yana cewa ba haka ake faɗa a gareji ba. A nan muka tsinci abubuwa huɗu. Ba a tayar da injin jirgi a tudu babu ruwa, domin fankar robar da ke jawo ruwan sanyaya shi tana lalacewa nan da nan. Ba a kammala saita silo sai ƙafar injin tana cikin ruwa, domin hayaƙinsa ta ƙarƙashin ruwa yake fita, ruwan yana danne shi, silon da aka saita a rataye kuwa yana faɗuwa da zarar an sauke shi an sa giya. Tankin mai yana da ɗan sukurun numfashi a murfinsa, idan an bar shi a rufe mai ba ya tafiya. Sannan haɗin mai: a injina da yawa kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a tanki mai lita 25, amma bayan an sa sabon ringi akan ninka baƙin man na ɗan lokaci, wanda kuma ya zarce da hakan zai ga fulogi yana jiƙewa, silo yana ɓaci.

Muka tsara duk wannan a takarda ɗaya, mataki bakwai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga wanda ba ya cin kuɗi zuwa wanda sai an kwance inji. Abokinmu ya karanta ta a saƙon murya ya tura gida.

Washegari amsa ta zo. An ja cok, injin ya daidaita. Fulogi biyun sun yi fari. Aka cire kabureta, sai ga gasket ɗin kwali da aka yanka da hannu, gefe ɗaya ya tsage. Sukurun haɗin mai kuma an murɗa shi nesa da inda ya kamata, da alama an yi ta ƙoƙarin rufe ɓarnar ne da shi. Aka sa gasket na gaskiya, aka mayar da sukuru inda littafi ya ce, aka saita silo a cikin ruwa. Ranar kasuwa ta gaba jirgi ya fita.

Kada mu yi saurin ɗora wa makanikin farko laifi duka. Da aka bi diddigi, ashe ya ce a sayo sabon gasket, mai jirgi ne ya ce kuɗi sun ƙare, a yi dabara. Araha ba ta ado. Amma shi ma makanikin bai gaya masa abin da dabarar za ta iya jawowa ba, shi kuma mai jirgin bai san tambayar da zai yi ba. Mutum biyu masu gaskiya suka kusa ɓatawa, gida ya yi kwanaki babu shiga, a kan abin da shafi ɗaya na rubutu zai iya karewa.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Ra'ayinmu shi ne: rashin wannan shafin laifinmu ne, mu marubuta. Makaniki ya san aikinsa, amma ba rubutu ne sana'arsa ba. Injiniya ya san dalili, amma da Turanci aka shayar da shi. Mai inji yana da kunne, shi ya fi kowa sanin sautin injinsa, amma ba a ba shi kalmomin da zai faɗi abin da ya ji ba. Wanda aikinsa shi ne ya saurari mutum, ya gane, ya tsara, ya mayar da magana yadda wani zai fahimta, shi ne marubuci. Idan ba mu yi ba, wa zai yi?

Kuma abin kunya ne a ce daga Zariya ake wannan kuka. A garin nan Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a nan NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950, a nan aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Muna yawan tuna su da ƙagaggun labarai, muna mantawa cewa Abubakar Imam ɗin da ya rubuta Magana Jari Ce shi ne ya haɗu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, littafin da ya kawo wa mai karatun Hausa ilimin halittu da na duniyar da ke kewaye da shi. Magabatanmu ba su ɗauki bayanin yadda abubuwa suke aiki a matsayin ƙaramin rubutu ba. Har yau a Samaru, cibiyar NAERLS tana isar da bayanan noma ga manoma da Hausa. Hanya a share take, mu ne muka daina bin ta.

Mun san abin da wasunmu za su ce, domin an riga an faɗa mana a zaman Asabar.

Wata 'yar uwa ta ce ai akwai bidiyo a YouTube, har da na Hausa. Gaskiya ne, kuma Allah ya saka wa masu yi. Amma bidiyo yana cin data, yana buƙatar sabis, kuma mutumin da hannunsa yake cikin mai a bakin ruwa ba zai iya ta mayar da shi baya ba. Takarda ana ninke ta a sa a aljihu, ana liƙa ta a bangon rumfa, yaro ɗan firamare yana karanta wa babansa. Ballantana ma bidiyo mai kyau daga rubutu mai kyau yake farawa. Saƙon muryar da ya yi aiki a Yawuri, sai da aka rubuta shi, aka soke, aka sake, sannan aka karanta.

Wani ya ce marubuci ba makaniki ba ne, idan ka rubuta kuskure ka kashe wa bawan Allah inji, ko ma ka jawo gobara. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Amsarta ita ce ladabin aiki. Ba ka rubuta lamba sai ka gan ta a littafin kamfani. Ka faɗi irin injin da kake magana a kai, domin abin da ya dace da injin ban ruwa ba lallai ya dace da na jirgi ba. Ka mayar wa makanikin da ka yi hira da shi rubutun, ka karanta masa, ya gyara. Ka rubuta gargaɗi a inda ya kamata: babu sigari kusa da fetur, a cire hular fulogi kafin a sa hannu kusa da farfela, ba a tayar da janareta a cikin ɗaki. Ka kuma nuna wa mai karatu iyakar da zai tsaya ya kira gwani. Wanda ba zai iya wannan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani kuma ya ce za mu kashe wa makanikai kasuwa. Mun kai wa dattijon Sabon Gari wannan magana, ya yi dariya har da tafawa. Ya ce mai injin da ya zo ya ce masa, "Idan na ja cok yana daidaita," ya rage masa aikin awa biyu. Wanda yake ba shi wahala shi ne mai zuwa ya ce, "Ya lalace kawai," bayan yara uku sun riga sun jagwalgwala shi. Mai inji da ya san abin da ake yi masa ba ya zargin makaniki a banza, kuma ba ya ƙin sayen gasket.

Sai maganar kalmomi, wadda ita ce ta fi shafar wannan zaure. Shawararmu ita ce mu rubuta da harshen gareji. Fulogi, kabureta, totur, salansa, bawul, sifana, duk sun zama Hausa, bakin mutane ya riga ya tauna su ya gyara musu zama. Idan muka zauna a ɗaki muka ƙirƙiro wata doguwar kalma da babu makanikin da ya taɓa jin ta, mun rubuta wa kanmu ne. Inda babu kalma, a kwatanta abin a fili, a faɗi kamanninsa da inda yake da aikinsa. Ku lura kuma da fi'ilan da masu sana'ar suke amfani da su: inji yana tari, yana shaƙewa, yana shan iska, yana kuka, yana mutuwa. Kowanne yana nuni ga ciwo daban. Wannan dukiya ce da ba za ka same ta a ƙamus ba sai ka zauna a benci.

Ko wanda ya ce shi ƙagaggen labari kawai yake rubutawa, yana da rabo a nan. Sau nawa muka karanta cewa motar tauraron labari ta lalace a hanya, shi ke nan? Me ta yi? Tari ta fara ko zafi ta ɗauka? Me direban ya fara dubawa? Me ya ce wa yaron motarsa? Sau nawa muka ba tauraro sana'ar kanikanci, amma daga farkon littafi zuwa ƙarshensa bai riƙe sifana ba? Masu karatunmu da yawa 'yan acaɓa ne, da direbobi, da manoman rani, da matansu da 'ya'yansu. Suna gane wanda ya leƙa duniyarsu da wanda ya hango ta daga tagar mota.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi mai sana'ar hannu ɗaya a unguwarsu: makanikin babur, mai gyaran janareta, mai gyaran keken ɗinki, mai injin markaɗe. 'Yan uwa mata, injin markaɗe da keken ɗinki da na saƙa suna cikin gidajenmu, kuma masu su sun san halinsu sarai. A je da sallama, a nemi izini, kada a je lokacin da aiki ya yi masa yawa. A yi masa tambaya ɗaya: idan abu ya dawo daga gyara da sabon ciwo, me kake fara dubawa, me ya sa? A rubuta amsar cikin kalmomin da ba su wuce 400 ba, mataki-mataki, da kalmominsa. A koma a karanta masa. Abin da ya ce ba haka ba ne, a soke. Sannan a kawo nan mu duba tare. Idan muka tara guda ashirin masu kyau, mun sami ɗan littafi, kuma mun san rumfunan da za mu fara kai shi.

Takardarmu mai mataki bakwai tana nan, mun kai wa dattijon kwafi. Ya sa yaronsa ya karanta masa, ya gyara mana wuri biyu, ya ce mataki na huɗu ya kamata ya zama na biyu, domin duba murfin tanki ba ya cin ko kwabo. Mun gyara. Ya soke ta a ƙusa kusa da inda yake rataye sifanoninsa, gefenta har ya fara yin baƙi da yatsun masu karantawa.

Wanda yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, musamman masu sana'ar da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take, a gyara mana. Allah ya yi wa iyayenmu albarka a sana'o'insu, ya tsare matafiya na tudu da na ruwa, ya sa alƙalumanmu su amfani mutane. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.